Malam Davou, Mai Allunan Masar

Yaran da muke koyarwa a Kaura Namoda, da 'yan'uwansu na Zurmi da Shinkafi, mafi yawansu 'ya'yan manoma ne. Sun san gero tun yana ƙwaya har ya shiga rumbu, sun san dawa, sun san irin akuyar da ake rububi a kasuwar Shinkafi. Abin da ba su da shi shi ne abin da za su kalla da ido idan aka ce musu tarihi. Babu gidan adana kayan tarihi kusa da mu. Littattafan da ke ɗakin karatunmu hotunansu sun dushe, wasu ma gara ta riga yara karanta su. Idan malami ya rubuta a allo cewa an yi wasu mutane a bakin Kogin Nilu shekaru dubbai da suka wuce, sai yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. A 'yan shekarun nan kuma an ƙara mana yaran da rashinsu ya fi wannan, waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, suka baro gonaki da rijiyoyi da kaburburan iyayensu.

Waɗannan yara ne Malam Davou ya yi sama da shekara talatin yana ɗauko wa Masar a bayan keke. A ƙarshen wannan zangon karatu zai ajiye aiki. Mun daɗe muna koyarwa a azuzuwa masu maƙwabtaka a ƙaramar sakandare, bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ban so ya tafi ba tare da an faɗi abin da ya yi ba.

Duk mai bin hanyar gulbi da safiyar Asabar ya san shi: dogon mutum, baƙi, mai furfura a gemu, ya naɗe ƙafar wando, yana haƙar yumɓu yana zubawa a buhu. Mutumin Filato ne, Birom, Kirista. Ya zo Kaura yana saurayi, aka ba shi darasin zane-zane da al'adu, ya zauna, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya a nan. Sunansa bai zauna a bakin mutanen gari ba, suka mai da shi Malam Dabo, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Idan ya kai yumɓun gida sai ya jiƙa, ya tsince tsakuwa, ya cakuɗa da dakakken tsingaro don kada ya tsage a wuta. Ya shimfiɗa shi a cikin katako, ya daddaɓe har ya yi sumul, ya lanƙwasa samansa kamar bakin ƙofar soro. Daga nan ya tsoma zare a ruwan jar ƙasa, ya miƙe shi a kan allon, ya ɗaga ya saki, layi ya fito. Haka zai yi a tsaye da a kwance har fuskar allon ta zama gida-gida kamar ta dara. Ya ce masu zanen Masar ma haka suke yi, kuma akwai duwatsun da ba a ƙarasa ba waɗanda har yau ana ganin jan layin a jikinsu. A cikin gidajen nan yake dasa zane, yana duban hoto, yana sassaƙawa da sifok ɗin keke da ya daka wa baki ya yi faɗi. Mata masu ginin tukwane su gasa masa tare da tukwanensu. Launi kuma nasa ne: ja daga jar ƙasa, fari daga farar ƙasa, baƙi daga kunkunniyar gindin tukunya, shuɗi daga shuni, duk ya dama da ƙaro don su kama.

Abin da yake kwaikwayo allunan dutse ne da Misirawan dā suke sassaƙawa, su shafa musu launi, su kafa a wurin kabari ko wurin ibadarsu. Yau suna gidajen tarihi na Alƙahira da Landan da Paris da wasu biranen, a bayan gilashi. Malam Davou bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ido da ido ba. Bai taɓa tsallaka iyakar ƙasar nan ba, in ban da Maraɗi da ya je biki sau ɗaya. Yana yaro wani fada a cocinsu ya nuna musu katunan hoto da ya zo da su daga tafiya, a ciki akwai na wani farin dutse mai hoton mutum da matarsa. Ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne jan da ke jikin mutumin, yadda bai koɗe ba. Daga baya ya riƙa tara hotuna duk inda ya samu. Da wayar hannu ta zo, gidajen tarihin suka fara saka hotunan kayansu da fassarar rubutun da ke jiki, sai aikinsa ya samu ido.

Ranar da zai buɗe sabon allo, ina jin shirun ajinsa ta cikin bango. Yakan kawo shi a naɗe da buhu, ya jingina da allon rubutu, ya bar yara su matso, sannan ya yaye. Ga mutum zaune a kujera mai ƙafar zaki, matarsa ta dafa kafaɗarsa. A gabansu tebur ne cike da gurasa da ƙullin albasa da agwagwa da cinyar sa. A ƙasa 'ya'yansu a jere, kowa da sunansa a gefen kansa, da rubutun nan nasu na tsuntsaye da ƙafafu da igiyar ruwa.

"Wannan mutumin sunansa Intef," in ji shi. "Ku faɗa."

Yara su ce, "Intafu."

"To, kun yi masa abin da ya roƙa. Ya rasu kusan shekara dubu huɗu ke nan. A lokacin babu Kaura, babu Zurmi, ba a san za a yi su ba. Amma da yawa daga duwatsun nan an rubuta roƙo a jikinsu ga masu rai da za su wuce, cewa su tsaya su karanta, su tuna da mai dutsen. Ga shi yau 'ya'yan manoma a Zamfara sun kira sunansa kafin a tashi tara."

Na ga yaro mai ƙiriniya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ya tsaya da baki buɗe yana ƙirga ƙarni da yatsu har yatsun suka ƙare masa. Na ga yarinya ta kai hannu ta taɓa albasar da ke kan teburin, ta ce, "Malam, irin tamu ce." Lokacin da hanya take da lafiya, yakan ɗaure allunan a cikin harawa ya kai su makarantun Zurmi da Dauran da Shinkafi, da keke a farko, daga baya da wani tsohon babur mai tari. Akwai magidanta a waɗannan garuruwa da yau suke da 'ya'ya a sakandare, in ka ce musu Masar, allon Malam Dabo ne yake faɗo musu.

Ba a fara da daɗi ba. A shekarunsa na farko iyaye sun kai ƙara wurin Limamin unguwa cewa wani malami yana nuna wa yara gumaka. Liman, wanda a lokacin gemunsa bai yi fari ba, ya taka har makaranta da kansa. Malaman da suke wurin sun ce ya tsuguna gaban allon ya duba shi da kyau, sannan ya tambayi Malam Davou.

"Wanga mutum, cikin mutanen Fir'auna yake?"

"Ƙasarsu ɗaya, Liman. Amma duwatsun nan ba na sarakuna kaɗai ba ne. Akwai na marubuta, da masu tsaron rumbu, da masassaƙa."

"Kai bauta mai kakai?"

"Allah Ya kiyaye. Ni ma addinina ya hana."

"Tulun ga da ke ƙarƙashin tebur fa, mi ag ciki?"

Malam Davou ya sosa ƙeya. "Giya ce, Liman."

Liman ya yi dariya har ya dafa ƙasa. "Da ka ce man kunu na, da na san maƙaryaci nika magana da shi." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce an umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda na gabansu suka ƙare, yaran nan kuwa ko Gusau ba su taɓa zuwa ba, don haka in wani ya ɗauko musu tafiyar ya kawo aji, shi bai ga abin faɗa ba. Amma ya gindaya sharaɗi: allunan masu fuska su zauna a makaranta, abin da yara za su yi da hannunsu kuma kada a sa siffar mai rai, kada kuma a kai kan kabarin kowa. Malam Davou ya karɓa, kuma bai taɓa saɓawa ba.

Daga nan aka samu al'adar da duk wanda ya yi aji ɗaya a makarantarmu ya sani. Kowane yaro zai yi nasa ƙaramin allo, ya zana kayan gidansu, ko rumbu ko kalme ko tulu, ya rubuta sunayen mutanensa. A karon farko Malam Davou ya yi kuskure irin na baƙo. Ya ce kowa ya miƙe ya faɗi sunan uwarsa da na ubansa da ƙarfi. Aji ya yi tsit, yara suka sunkuyar da kai, ya ɗauka taurin kai ne. Sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayanin kunya: ɗa ba ya gatsa sunan mahaifi, mace ba ta kiran sunan miji, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, suruka ba ta faɗin na surukinta. Ya saurara, ya ce, "Ashe mutanen can suna girmama suna da faɗinsa, ku kuna girmama shi da ɓoyewa." Tun daga ranar bai ƙara sa yaro ya furta ba. Ya ce a rubuta kawai, yumɓu ba ya jin kunya.

Kai ne, Malam, ka zo garin da ba naka ba, ka tarar da al'adar da ba taka ba, ba ka raina ta ba kuma ba ka yi mata dariya ba. Ka koye ta kamar yadda ka koyi hannun masassaƙan Nilu, a hankali, gida bayan gida. Shi ya sa ranar da aka buƙaci wanda ya san ta, kai aka samu.

Bara, bayan ruwa ya fara ɗaukewa, akwai wata yarinya a aji ɗaya mai suna Suwaiba Abbati. Daga wani ƙauye suke a gefen Birnin Tsaba. Tana ƙarama 'yan bindiga suka tare mahaifinta a gona, bai dawo da rai ba. Mahaifiyarta ta rasu a shekarar da suka yi gudun hijira. Mutanen ƙauyen sun watse, wasu Gusau, wasu Nijar, wasu ba a san inda suka nufa ba. Ita da kakarta ta wajen uba, Inna Hadiza, suka samu ɗaki ɗaya a wani kango da aka kewaye da zana a bayan tasha.

Ranar da Malam Davou ya nuna musu ƙasan wani allo, ya ce a irin wannan wuri ne wanda ya sa aka yi dutsen yake sa hannu, sau da yawa a rubuta cewa ɗansa ne ya raya sunansa, wani lokaci kuma 'yarsa, Suwaiba ta ɗaga hannu.

"Malam, mace ma?"

"Mace ma."

Ta yi allonta da kyau. Ta zana zangarniyar gero guda biyu, da kalme, da bakin rijiya. Ta rubuta sunan mahaifiyarta. Da ta zo kan na uba ta fara rubuta Abbati, sai yarinyar da ke kusa da ita ta ce, "Ke, Abbati ai ba suna ba ne. In an sa ma yaro sunan kakansa ne ake ce mishi haka, don kada a riƙa kiran sunan tsoho a tsakar gida. Minene sunansa na yanka?"

Suwaiba ba ta sani ba. Ba ta taɓa jin an kira shi da wani suna ba. Ta je gida ta tambayi kakarta, ta dawo washegari idanu a kumbure. Inna Hadiza ta ce mata ba ta da kunya. Mamacin ɗanta ne na fari, kuma sunan surukinta aka sa masa, wato kunya biyu ce a kan suna ɗaya. Tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakinta ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Ga shi tsohuwar tana kwance, tari ya kama ta tun tsakiyar damina, kullum ƙara ramewa take yi. A duk Kaura babu wani mai rai da ya san sunan sai ita.

Malam Davou ya shafe Abbatin da babban yatsa, ya bar wurin fili. Yumɓu yana da ƙa'ida: muddin yana da danshi ana iya rubutu, in ya bushe an gama. Da sauran yara suka gama nasu aka shanya, aka kai wa masu tukwane, ya ware na Suwaiba ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a kusurwar aji. Kullum da safe kafin ya ɗauki alli sai ya yayyafa masa ruwa. Ranar Juma'a ya tafi da shi gida, Litinin ya dawo da shi. Ya tambayi 'yan gudun hijira a tasha da kasuwa, kowa ya ce Abbati dai suka sani. Ya je wurin Liman, wanda yanzu sai da sanda yake fita.

Liman ya ce, "Addu'a ba ta ɓata hanya don ba a sa suna ba. Allah Ya san bawanai. Amma ɗiya, ita tana da buƙata. Sai dai kak ka matsa ma tsohuwa ta hwaɗi abin da ta yi shekara da shekaru tana riƙo. Nemi hanyar da za ta ba ka ba tare da ta buɗe baki ba."

Gefen allon ya fara tsagewa duk da ruwan da ake ba shi. Wata Asabar da hantsi Malam Davou ya ɗauke shi, ya nufi wurin Inna Hadiza tare da matarsa Josephine, wadda take ɗinkin kayan makaranta a bakin kasuwa, ta riƙo kwanon kunun gyaɗa. Ita ta shiga ciki. Shi ya shimfiɗa buhu a waje, ya zauna jikin zana, inda murya take wucewa amma ido ba ya wucewa. Abin da ya faru a ciki daga bakin Josephine na ji, na waje kuma daga bakinsa.

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, ya ce, "Inna, ban zo in sa ki faɗi komai ba. Ni zan yi ta kiran sunaye kamar mai kiran rajista. Wanda ba shi ba ne, ki kore shi."

"Kai dai Malam Dabo ka cika naci. Ɗiyag ga ta aiko ka, mai kunnuwan zomo?"

"Ni na aiko kaina, Inna."

"To kira mu ji. Ni dai ban ce komi ba."

"Muhammadu."

"Sallallahu alaihi wa sallam. Ba shi na ba."

"Abubakar."

"A'a."

"Umaru."

"Wanga sunan maƙerin garinmu na. Mutum mai rowa, ko tsatsa ba ya ba ka kyauta."

Josephine ta ce tsohuwar har ta ɗan tashi zaune, abin ya zame mata wasa. Usmanu, ta ce mai kiɗan farauta ne da ya taɓa nemanta tana budurwa. Aliyu, ta ce ƙanenta ne, Allah Ya jiƙansa. Ibrahim, Musa, Isa, Yusufu, Haruna, kowane ta kore shi, wani da labari, wani da tsaki. Da haka mutanen ƙauyen da ya watse suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗakin nan, Suwaiba tana zaune bakin ƙofa tana jin sunayen da ba ta taɓa ji ba. Amma tari ya riƙa katse tsohuwar. Amsarta ta gajarce, ta koma kwance. Malam Davou ya kira Sulaimanu, ya kira Idrisu, ya kira Mahmudu, muryar da ke dawo masa sai ƙara nisa take yi. Sunayen da ke kansa suka fara ƙarewa. Josephine ta leƙo ta ce masa a hankali, "Baba, ta gaji. Mu bari."

Ya fara naɗe buhun ke nan Suwaiba ta zagayo ta durƙusa kusa da shi.

"Malam, akwai wani abu. In Inna tana ba ni labarin Annabawa, tana faɗin sunan kowa. Tana faɗin Mika'ilu, tana faɗin Azara'ilu. Amma mala'ikan da ke kawo wahayi, ba ta taɓa faɗin sunanshi ba. Sai ta ce Babban Mala'ika."

Malam Davou ya dube ta. Ya ce mata ta koma ciki ta zauna kusa da kakarta. Ya gyara zama, ya matsa bakinsa jikin zana.

"Inna, saura ɗaya in tafi." Ya ɗan dakata. "Jibrin."

Ba a ce a'a ba. Ba a yi tsaki ba, ba a ba da labari ba. Ya ce ya ji kukan kurciya a kan katanga, ya ji ana sauke kaya a tasha, amma daga cikin ɗakin babu motsi. Josephine ta ce tsohuwar ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. An daɗe a haka. Can ta yi magana, fuskarta a rufe.

"Matar Malam, ba mijinki ruwa ya sha, ya sha rana." Sannan ta laluba ta kamo hannun jikarta. "Ke kuma ki rubuta shi da kyau. Kak ki karkata mai ko harafi guda."

A nan bakin zana Malam Davou ya yaye buhun, ya shafa ruwa a filin da ya bari, ya miƙa wa Suwaiba sifok ɗin. Bai riƙe mata hannu ba. Ta rubuta da ajami, don shi ne kakarta take iya ganewa, ta rubuta da boko a ƙarƙashi. Ta shiga da allon ɗaki. Inna Hadiza ta bi haruffan da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe, leɓɓanta a rufe. Har yau akwai ɗan gurbin yatsanta a gefen harafin ƙarshe, don yumɓun bai bushe ba lokacin da ta taɓa, kuma Malam Davou ya hana a shafe.

A ƙasan allon Suwaiba ta so ta sa irin maganar Misirawa, cewa 'yarsa ce ta raya sunansa. Da aka nuna wa Liman ya ce rayawa ta Allah ce, ta rubuta cewa ita ce ta riƙe. Haka aka rubuta, aka gasa, aka shafa wa geron launi. Inna Hadiza ta rasu kafin a gama sussuka. Ranar addu'a Liman ya roƙa mata gafara, ya haɗa da ɗanta Jibrin da surukinta Jibrin, a gaban mutane, da suna.

Kai ne, Malam Davou, dogo na bakin gulbi, ka yi ta ba yumɓu ruwa don yarinya ɗaya, alhali babu mai duba aikinka a kan haka. Kai ne ka zauna a rana a bayan zana kana kiran sunayen da ba na addininka ba, da ladabin da ko ɗan gida sai haka. Ka ji shiru ka gane amsa ce. Ba ka taɓa tsayawa gaban gilashin Alƙahira ko na Landan ba, amma ban san ko cikin masu wucewa ta gaban duwatsun nan kullum akwai wanda ya amsa roƙon da ke jikinsu kamar yadda ka amsa shi a bayan tashar Kaura ba. Idan na tuna cewa wani mutum ya zauna a bakin Nilu da guntun ƙarfe yana sassaƙa sunan ubansa, ya mutu, harshensa ya mutu, ƙasarsa ta sauya hannu sau da yawa, amma aikin hannunsa ya bi ta katin hoto da sifok ɗin keke ya zo ya fito da sunan wani manomi daga ƙirjin uwarsa, sai in rasa abin cewa sai tasbihi.

Mun gode, Malam. Iyayen yara sun gode, malamai sun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, Ya sa wata rana ka tsaya gaban dutsen gaske ka ga jan nan da idonka. Allunanka suna nan jere a ɗakin ajiya, ka ce ba za ka tafi da ko ɗaya ba. Ga matasan malamai da za su gaje mu: gulbi bai ƙare da yumɓu ba, kuma ba sai an kawo kayan aiki daga birni ake nuna wa yaro duniya ba. Ku je ya koya muku jan zare tun yana kusa. Ga iyaye kuma, musamman waɗanda aka raba da garuruwansu: kunya ado ce, ku riƙe ta, amma ku nemi hanyar da sunayen mutanenku za su isa hannun 'ya'yanku tun kuna da rai.

Suwaiba tana aji biyu yanzu, tana zaune wurin wata maƙwabciyarsu da ta ɗauke ta. Allon yana jingine a ɗakin da take kwana. A makon jiya, da muke shirin walimar sallamar Malam Davou, na tambaye ta abin da ta koya a ajinsa. Na zaci za ta ce Masar, ko Intef, ko yadda ake dama launi. Sai ta ce da can tana tsammanin Inna ta hana ta sunan ne don ba ta so ta sani. Yanzu ta gane Inna ajiye shi ta yi, shekara da shekaru, a inda ba abin da zai taɓa shi, kuma da ta ga za ta tafi sai ta ba ta riƙo.